Taku Sittin Zuwa Sikeli

Mutanen Maknasi, can a ƙasar Tunis, ba a koya musu doki. Yaro yana buɗe ido yake tarar da shi a tsakar gida, kamar yadda ya tarar da uwarsa. To a cikinsu ma Lazhar ɗan Bilgasim daban ne, wanda kuma ya ce ba haka ba sai ya faɗi sunan wanda ya fi shi, a ji. Bai taɓa zama gaban allo ba, da babban yatsa yake sa hannu a takarda, amma in doki ya yi taku uku a gabansa zai gaya maka ƙafar da za ta ba shi wahala baɗi. Ƙashin wuyansa ya karye sau huɗu, haƙarƙari kuwa ya daina ƙirgawa. An taɓa lulluɓe shi da mayafi a filin sukuwar Tunis an ce ya cika, ya yaye mayafin ya tambayi wane ne ya zo na ɗaya.

Shekara tara ke nan rabonsa da gida, biyar a Tunis, huɗu a Iskandariya, inda yake hawa wa Hawaja Manoli, wani Bagirke mai fataucin auduga da ke da dawaki goma sha takwas a barga. Ba da sallama ya bar gidan ba. Ubansa ya ce doki na ranar biki ne da ranar yaƙi, ɗan da zai sa rigar siliki kamar amarya ya yi tsere don 'yan caca su yi ihu, to ya nemi wani uban. Lazhar ya ji, ya fita da asuba, bai waiwayo ba.

Ranar Lahadin da ake tseren babban kofi na bazara, ya dawo barga da hantsi daga gidan wankan tururi, leɓɓansa sun bushe. Tun Juma'a ba abin da ya shiga cikinsa sai lemon tsami da yake tsotsa, don nauyin da aka yanka wa dokinsa kilo hamsin da biyu ne, har da sirdi. Baffa Shahata, tsohon da ke kula da bargar, yana zaune a kan buhun sha'ir yana cin wake da gurasa, yana lashe yatsu da gayya.

"Magrabi, zo mu ci," in ji shi. Haka mutanen Masar ke kiran duk wanda ya fito daga yamma. "Af, na manta. Ku masu kofi iska kuke ci."

"Ci, Baffa. Jakin da ke ɗaukarka shi zai yi kuka, ba ni ba."

"Jakina bai taɓa kayar da ni ba."

"Ina zai kayar da kai, ba ya gudu."

Suna cikin haka inuwa ta tare ƙofa. Wani dogon tsoho ne, farin gemu har ƙirji, da alkyabbar ulu fara a kafaɗa duk da zafin da ake yi. Lazhar ya ɗago, sai ga ubansa. Jirgin ruwan maniyyata daga Tunis ne ya tsaya a tashar Iskandariya shan ruwa da gawayi, zai tashi da faɗuwar rana. Tsohon ya sauka, ya je kasuwar Magarba ya tambayi inda ɗan Tunis mai hawan doki yake, mutum uku suka nuna masa hanya a lokaci guda.

Lazhar ya durƙusa ya sumbaci hannunsa. Bilgasim ya bar masa hannun, amma idonsa yana kan ingarman da ke ɗaure a turke.

"Ka rame kamar akuyar fari."

"Aikin ne, Baba."

"Aikin da ke hana mutum ci." Ya wuce shi, ya nufi dokin. Zarzur ke nan, dokin da Lazhar zai hau a tseren, akawali ne mai mugun hali, ya taɓa cire wa wani likitan dawaki hula har da gashi. Tsohon ya sa masa hannu a wuya, ya bi ƙirji, ya ɗaga ƙafar gaba ya duba kofato, ya buɗe baki ya kalli haƙora. Zarzur ya tsaya kamar ɗan rago. Shahata ya ajiye gurasarsa.

"Wannan doki ne," in ji Bilgasim. Ya juyo. "Mai tafiya ɗakin Allah ba ya barin gaba a bayansa, shi ya kawo ni. Amma ban zo in yi maka ƙarya ba. Na zo in ga abin da ka zaɓa ka bar ni. An ce yau kake da babban tsere. In ka ci, ni zan sauke ka daga kan dokin da hannuna, yadda ubana ya sauke ni a bikin Sidi Ammar, in yafa maka wannan a gaban mutane." Ya taɓa alkyabbar. "Shi ke nan, magana ta mutu."

"In bai ci ba fa, ya Hajji?" in ji Shahata.

"To shekara tara ya ɓata a banza, kuma na ga hakan da idona."

Ci ba shi ne ya dami Lazhar ba. Ya san dawakin da za su fita su goma, ya san wanda ke tari da safe da wanda ke ƙin kwana. Damuwarsa daban ce. A filin sukuwa ana auna mahayi da sirdinsa kafin tsere, in bai kai nauyi ba a cika masa da dalma a ƙarƙashin sirdi. In an gama a sake auna shi. Tsakanin ƙofar fili da ɗakin awo taku sittin ne, kuma a cikin takun nan ba mahalukin da ya isa ya taɓa mahayin, ko ya miƙa masa ko da ƙwayar dabino. Dalili kuwa, an sha yin mahayan da ke zubar da dalma a bayan fili don doki ya yi sauƙi, in sun dawo wani ya rungume su da sunan murna ya zura musu wata a riga. Saboda haka in an taɓa ka, an ƙwace tseren, ko da ka ci da tazarar unguwa guda. Lazhar ya ga an yi wa wani Basiriye haka don matarsa ta kama masa ƙafa. Balle a sauke mutum cak, a yafa masa ulun da ya kai kilo uku.

Masu karatu za su ce ai abu ne mai sauƙi, ya gaya wa uban mana. Su riƙe karatunsu. Ɗan da ya bar gida shekara tara, uban ya tako teku ya zo da ƙafarsa, sai ya buɗe baki ya ce, "Baba, kada ka taɓa ni a gaban mutane"? A Maknasi ba a haifi mai wannan bakin ba. Ya gwada sau biyu. Na farko ya ce, "Baba," tsohon ya ce, "Na'am," shi kuma ya tambayi lafiyar rijiyar gidansu. Na biyun ko "Baba" ɗin bai fito ba.

Ya ja Shahata bayan barga.

"Kai za ka gaya masa. Tsoho da tsoho."

"Ni? Ka ga idon mutumin nan kuwa?"

"Kai da ka ce ka taɓa zagin basha mai mulkin gari."

"Basha ba shi da irin wannan gemun." Ya sosa ƙeya. "Mu kai shi rumfar talakawa mana, can bayan shinge. Kafin ya ratso jama'a an auna ka an gama."

"Ubana a bayan shinge, da masu sayar da gyaɗa? A bakin ƙofa zai tsaya, inda masu dawaki ke tsayawa."

"To ka zo na biyar. Ba mai auna na biyar."

Lazhar ya harare shi. Shahata ya ɗaga hannu biyu, ya tafi ya haɗa shayi. Suka zauna da tsohon a inuwar durumi kusan sa'a guda, Lazhar yana hango su yana goge sirdin da ya riga ya goge. Ya ga Shahata yana nuna hannu, yana dariya, yana zuba shayi na uku. Can ya dawo.

"Na gaya masa."

"Me ka ce?"

"Na ce a nan akwai ɗan awo da ake yi bayan tsere."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce a auna mana, in ya sauke ka."

"Sai ka ce me?"

"Na ce masa dokin yana da kyau."

Bayan la'asar aka fita. Fili ya cika, jajayen huluna da fararen huluna har kan katanga. Hawaja Manoli ya sa farar kwat sabuwa, ya zo da matarsa, ya kuma ɗauko mai hoto na kansa. Shekara ashirin yana neman kofin nan. A wurinsu mai doki shi ke karɓar ragama a bakin ƙofa ya ja dokin da ya ci har ƙofar ɗakin awo, a ɗauki hoto, a buga a jarida, a rataye a falo. Wasunsu don takun nan sittin kaɗai suke ciyar da dawaki duk shekara.

A wurin tashi Santoro, ɗan Italiyan da ke kan dokin da kowa ya zuba wa kuɗi, ya matso kusa.

"Magrabi, an ce babanka ya zo. Ka gaya masa ya duba baya, can zai gan ka."

"Na gaya masa ya duba wanda ke dukan doki kamar mai kakkaɓe tabarma. Ya ce zai gane ka."

Aka ɗaga igiya. Zarzur ba ya son gaba kuma ba ya son bulala, abu biyu da mahaya uku kafin Lazhar suka kasa ganewa. In ka sa shi gaba sai ya ga ba abokin faɗa, ya fara kallon tsuntsaye. Lazhar ya ɓoye shi a bayan dawaki shida, jikin shinge, ƙasa tana dukan fuskarsu, dokin yana jan linzami yana neman faɗa, shi kuma yana ce masa tukuna. Suka wuce gefen teku, iska ta bugo. A kwanar ƙarshe dokin da ke tari da safe ya buɗe, kamar yadda Lazhar ya san zai buɗe, ya bar wata 'yar kafa da ba ta fi faɗin ƙofar ɗaki ba. Wani mahayin zai yi tunani. Lazhar ya riga ya shige. Likkafarsa ta goge shinge har ta yi tartsatsi.

Saura Santoro, tsawon doki biyu a gaba, hannunsa yana tashi yana sauka. Lazhar ya kwanta a wuyan Zarzur, ya saki linzamin da faɗin yatsa biyu, ya yi masa tsakin da ake yi wa dawaki a Maknasi. Ko kallon bulala bai yi ba. Suka kai gindin dokin Santoro, suka kai majayi, suka kai kafaɗa. A kan layi Zarzur ya miƙa wuya, da wuyan nan aka ci.

Ihun jama'a bai shiga kunnensa ba. Ya juyo da dokin a hankali, yana hangen ƙofa. Shahata yana tsaye da ragama a hannu. Manoli yana gefensa, ya cire safar hannu, ya miƙa tafi yana jira, mai hoto ya durƙusa. A baranda alƙalin awo, wani tsohon Bature, Bamalte, mai tabarau, ya dafa ƙarfe yana kallon ƙasa. A bayan Lazhar kuma ga Santoro yana tafe a hankali, idonsa a buɗe, don in aka ƙwace tseren shi za a ba.

Ga Bilgasim kuma. Ya wuce mai gadin ƙofa, don ba wanda ke tare tsoho mai irin wannan tafiyar. Ya cire alkyabbar, ya ware ta da hannu biyu, yana tahowa tsakiyar hanya, fuskarsa kamar ba shi ne ya yi maganar nan shekara tara da suka wuce ba. Taku goma. Taku bakwai.

Lazhar ya nutsa diddigensa a cikin Zarzur, ta gefen da jama'a ba sa gani, ya kuma riƙe linzamin. Dokin da aka ce masa tafi aka kuma ce masa tsaya, abu ɗaya yake yi. Zarzur ya yi haniniya, ya tashi da ƙafafun gaba, ya juya gindi, mai hoto ya faɗi zaune. Sai Lazhar ya buɗe baki ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun da aka haife shi, da ƙarfi kuma, kowa yana ji.

"Baba, riƙe min shi. Ya fi ƙarfina."

Shahata bai iya kai saƙo ba, amma ba wawa ba ne. Ya ɗaura ragamar, ya ratsa ta gaban tafin Manoli da ke miƙe, ya danƙa ta a hannun tsohon. Bilgasim bai yi tunani ba, ba ɗan Maknasin da ke tunani in doki ya tashi. Ya wurga alkyabbar a kafaɗa, ya cafke ragamar da dama, ya kama gefen linzami da hagu, ya yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa. Hannu biyu duk sun cika.

Haka aka yi takun nan sittin. Tsoho a gaba, ƙirji a buɗe, yana jan dokin da ya ci babban kofin Iskandariya, jama'a suna tafi suna tambayar wane basaraken sahara ne wannan. Duk sanda Zarzur ya fara lafawa, Lazhar ya tuna masa da diddige. Manoli yana biye a baya da safar hannu ɗaya, kamar wanda ya zo rakiya.

A ƙofar ɗakin awo Lazhar ya duba, uban yana tsaye a hagun dokin, wurin da mahayi ke sauka. Sai ya zame ta dama. Ya kwance majayi, ya rungumi sirdi.

"Kada ka sake shi, Baba, zai kashe mutum."

Ya faɗa ɗakin da gudu. Ya zauna a kan sikeli, sirdi a cinya. Bamalten ya shigo, ya gyara tabarau, ya tura ƙarfen awo gaba, ya dawo da shi kaɗan. Santoro yana jingine da bango yana jiran nasa awon.

"An taɓa shi?" in ji Bamalten, ba tare da ya ɗago ba.

Santoro ya tofar da ƙasar da ke bakinsa. "Dokin aka taɓa."

"Daidai."

Aka kaɗa ƙararrawa a waje. Lazhar ya ajiye sirdin a ƙasa, ya fito, ya durƙusa a gaban ubansa cikin ƙura da kashin doki. Shahata ya karɓi ragamar. Bilgasim ya ɗago ɗansa da hannu biyu, ya sumbace shi a goshi, ya yafa masa alkyabbar, ta sauka har ta rufe takalmansa tana jan ƙasa. Mutane suka yi dariya, suka ƙara tafi.

Manoli bai yi dariya ba. Ya matso, wuyansa ya yi ja, muryarsa ƙasa-ƙasa don matarsa na kusa.

"Shekara ashirin, Lazhar. Dokina, sha'irina, kofina. Gobe jarida za ta fito da hoton wani makiyayi."

"Ubana ne, Hawaja."

"Ko uban sarki ne. Kada in sake ganinka a bargata."

"Kofin yana can ana jiranka, Hawaja. Shi ba wanda ya taɓa maka."

Lazhar ya raka ubansa tashar jirgi a keken doki, rana tana gangarawa. Sai da suka hango hayaƙin jirgin Bilgasim ya yi magana, yana kallon gaba.

"Dokin nan bai fi ƙarfinka ba. Na ga diddigenka tun daga ƙofa."

Lazhar ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ci gaba.

"Mai waken nan ya gaya min dalili, kana ciki ana auna ka. Sai a lokacin bakinsa ya buɗe. Kai me ya hana ka gaya min da safe?"

"Na gwada, Baba. Bai fito ba."

Tsohon ya shafa gemu.

"Da ya fito, da na koma jirgi tun hantsi," in ji shi. "Na san halina." Keken ya yi tsalle a kan duwatsun titi. "Ka kuma sauka ta dama, kamar mai hawa jaki. Wannan kada a ji shi a Maknasi."

"Ba za a ji ba."

"Baturen ya kore ka ke nan."

"Ya kora."

"Saboda ni."

"Doki bai ƙare a duniya ba, Baba. Akwai Bairut, akwai Bagadaza."

A bakin tsanin jirgi maniyyata suna ta turereniya da ƙullin kayansu. Bilgasim ya ɗora hannu a kan ɗansa, ya karanta abin da ya karanta a hankali, ya shafa. Ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma a yafe masa. Ya hau taku uku, ya juyo.

"Kafar nan da ka shiga a kwana. Ni ma da ita zan shiga."

Kwana goma sha biyu bayan nan Lazhar ya sauka Bairut da sirdi a hammata, bai san kowa ba. Lahadin farko wani mai barga ya ba shi wata goɗiya mai tsoron inuwarta, wadda mahayan garin duk suka ƙi. Ya kawo ta ta biyu. Ta biyu, ba ta ɗaya ba, ƙarya ba ta da amfani. Ta ɗayan sai mako na gaba.